Ramin Ƙirjin Abdulbaqi

Shafi na 23

Masu cewa na ajiye Safiyya a ƙofar ofishin likita na tafi harkar gabana, to ga ta nan ta fito. Maman Afra, ke da kika rantse ba za ki ɗora tukunya ba sai kin ji sakamako, tashi ki ɗora, yaran ba su yi miki laifin komai ba. Shafin yau naki ne. Ki dai nemi wuri ki zauna kafin ki fara.

*

Tun daga Kano har gadar Wudil bakin Safiyya ya ƙi rufuwa. Juma'a ce, ranar kasuwa, motocin shanu sun cushe hanya, fasinjoji sai tsaki suke suna yi wa direba masifa kamar shi ya tara shanun. Ita kuwa murmushi take ita kaɗai, har matar da ke gefenta ta fara janye ɗanta can jikin taga.

Ba hauka ba ne, baiwar Allah, albishir ta ɗauko.

Ƙaninta Abdulbaqi ya ci jarrabawar sojan sama, sunansa ya fito cikin waɗanda za a tantance don koyon tuƙin jirgi. Ranar Litinin zai tsaya gaban likitocin soja a Kaduna, kuma bana ce damarsa ta ƙarshe, baɗi shekarunsa sun wuce. Abu ɗaya ne ya hana gidansu sakat, ramin da ke tsakiyar ƙirjinsa. Da shi aka haife shi, ƙashin ya lotsa ciki kamar gindin kwanon da aka taka. Gado ne, irin na mahaifinsu Malam Wali sak. Duk wanda ya san Malam Wali kuwa ya san labarinsa: yana saurayi ya je shiga soja, likita ya dubi ramin ya ce ya koma gida. Da wannan labarin 'ya'yansa suka girma.

Shi ya sa makon jiya Safiyya ta tasa ƙanin nata a gaba har asibiti a Kano, aka yi masa hoton zuciya, aka sa shi ya yi ta hura iska a wani bututu har idonsa ya yi ja. Yau ta koma jin sakamako, kuma maganar likitar har yanzu tana yi mata amo a kunne.

"Zuciyarsa lafiya, huhunsa lafiya. Ba ni ce mai yanke hukunci ba, likitocinsu ne, nasu gwajin ma ya fi nawa tsanani. Amma babban abin da ake tsoro shi ne ramin ya matse zuciya ko huhu, nasa kuwa bai taɓa komai ba. Ya je da ƙwarin gwiwarsa. Ya dai lallaɓa jikinsa, ko mura kada ya yarda ta kama shi kafin Litinin."

Ta kira wayar Abdulbaqi, a kashe. Ta kira ta Umma, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Sai ta ce ai gara ma haka, wannan magana ba ta waya ba ce, sai ta ga idon kowa.

Ta yi sallama ta shiga gidan iyayenta.

Tsit, kamar an yi ɗauke wuta a gidan biki. Umma, wato Rabi'atu mahaifiyarsu, tana tsugune a bakin rijiya da bahon wanki a gabanta. Iya Hansai, kakarsu ta wajen uba, tana kan tabarma a ƙarƙashin rumfa, mayafinta na unguwa har yanzu a kafaɗa, takalmanta a gefe sun sha jan taɓo.

Safiyya ta durƙusa.

"Iya ina wuni? Umma sannu da gida. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Ya maigidan naki? Ya hanya?" in ji Iya.

"Lafiya ƙalau. Iya, yawo kika je ne da damunar nan? Wannan taɓon ai ba na cikin gari ba ne."

"Ke dai kin cika sa ido, kishiya. Mutum ba zai miƙe ƙafa ba?"

Safiyya ta yi dariya, ta saba da tsokanar kakar tata. Ta waiga.

"Ina Abdul?"

"Yana ɗaki," in ji Umma, ba ta ɗago ba. "Barci yake."

"Barci da la'asar sakaliya? Yaron da ko ruwa ake yi sai ya fita gudu bakin kogi? To ku bar shi, ku fara sha. Albishirinku."

"Goro," Iya ta ce.

"Likita ta ce Abdul lafiyarsa ƙalau. Ramin nan ba ya taɓa zuciya, ba ya taɓa huhu. Ta ce ya je Kaduna da ƙwarin gwiwarsa."

Ta tsaya tana jiran guɗa. Ko hamdala ba ta ji ba.

Hannun Umma ya tsaya cak a cikin baho.

"Me ta ce?"

"Ta ce ba komai, Umma. Yadda yake ɗin nan, haka zai je."

"Yadda yake," Umma ta maimaita a hankali, kamar mai koyon magana.

Iya ta taɓe baki.

"Likitar gari daban, likitan soja daban. Mu da muka gani da idonmu za a gaya wa?"

Idon Safiyya kuwa ya riga ya sauka a kan bahon. Farar singileti ce a ciki. Ruwan kumfar kuwa ba fari ba ne, ja-ja ne, kamar an wanke nama.

Ta nuna bahon da yatsa.

"Umma, jinin mene ne wannan?"

Umma ta danna singiletin cikin kumfa.

Ta miƙe ta nufi ɗakin da ke kusa da soro. Kafin ta kai, Umma ta riga ta, ta tsaya a bakin ƙofa hannu duk kumfa.

"Safiyya."

Ta tsaya. Ita ce 'yar fari, tun da ta yi wayo ba ta taɓa jin sunanta a bakin Umma ba. Daga "ke" sai "yarinyar nan". Yau ga shi ya fito ɓaro-ɓaro, kuma maimakon daɗi, tsoro ne ya rufe ta.

"Ki tsaya in yi miki bayani tukuna."

"Umma, don Allah ki ba ni hanya."

Umma ta dube ta, ta dubi ƙasa, ta matsa.

Warin man shanu ne ya fara dukan hancinta, da wani ƙauri-ƙauri kamar na ƙonannen ganye. Abdulbaqi yana zaune a kan katifa, ya jingina da bango, an lulluɓa masa zanen Umma har wuya. Ba barci yake ba. Zufa ce ke tsattsafo masa a goshi, hannunsa na dama yana ƙarƙashin zanen ya dafe haƙarƙarinsa.

Ya ƙaƙalo murmushi.

"Yaya... kin zo?"

Ta kama bakin zanen ta yaye.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta ja da baya har ta bugi ƙofa. Ƙirjin nan da ta gani makon jiya sumul a gaban likita, yau ba ya kalluwa. Shatin bakin ƙaho ne zagaye-zagaye, sun kumbura sun yi baƙi, cikin kowanne an jera tsagar aska. An bi su an shafe da wani baƙin gari da aka kwaɓa da man shanu, jini yana ɓullowa ta ƙarƙashi. Ramin kuwa yana nan daram, ko motsi bai yi ba, sai ma jinin da ya gangara ya taru a cikinsa.

"Wa ya yi maka wannan?"

"Yaya, ki... ki zauna."

"Na ce wa ya yi maka?"

"Ɗantani. Wanzamin ƙauyen Achika."

"Wanzami." Ta ji muryarta kamar ta wata. "Abdul, kai da ka gama sakandare da sakamakon da har shugaban makaranta ya zo gidan nan? Kai da kake zana injin jirgi a bangon ɗaki? Ka kwanta wanzami ya yanka maka ƙirji, saura kwana uku ka cire riga a gaban likitocin soja?"

"Ba yanka... muka je yi ba."

"To me kuka je yi? Kitso?"

Ya runtse ido. Magana yake yi guntu-guntu, yana hutawa a tsakani, ita kuwa ta ɗauka zafin tsagar ne.

"Na ga wani bidiyo. A ƙasar waje... akwai wani abu kamar kofi, na roba. Ana kifa shi a ramin, a zuƙe iska... ƙashin ya taso. Na nuna wa Iya. Ta ce ai wannan ƙaho ne... Turawa suka canza masa suna."

"Sai ka yarda."

"Na ce a kafa ƙahon kawai... ban da aska. Da muka je, Ɗantani ya ce mataccen jini ne... yake jan ƙashin ciki. In ba a fitar ba, aikin banza ne."

"Ba ka da baki? Ba ka da ƙafar tashi?"

"Iya ta yi kuka, Yaya."

Nan ya tsaya. Idonsa ya kawo ruwa.

"Ta ce ba za ta ga an koro mata ɗa... a kuma koro mata jika ba. Ta ce in na tashi... ba ta yafe goyon da ta yi min ba. Ni ma kuma tsoro nake ji. Kullum in na kwanta... sai in ga likita yana nuna min ƙofa."

Wallahi a nan fushin Safiyya ya rasa inda zai sauka. Tausayi ya taso ya danne shi, sai ta ji kamar ta rungume yaron, kamar kuma ta kwaɗa masa mari.

"Me likitar ta ce?" ya tambaya.

Ta tsuguna a gefen katifar.

"Yaya, na ji kina cewa albishir."

"Ta ce lafiyarka ƙalau." Ta dafa kafaɗarsa. "Ta ce ramin bai taɓa komai ba. Ta ce ko mura kada ka bari ta kama ka."

Abdulbaqi ya sunkuyar da kai ya kalli ƙirjinsa. Ya daɗe yana kallo. Bai yi kuka ba, da ma kukan ya yi da ya fi sauƙin gani.

Safiyya ta juya ga Umma da ke raɓe a bakin ƙofa.

"Umma, har da ke?"

"Ni na riƙe masa hannu."

"Me ya sa ba ku jira ni ba? Kin san yau zan karɓo sakamako."

"Iya ta ce in ba yau ba, babu rana. Yau ce kawai babanku yake fita tun asuba ya wuni a kara wurin shanu."

"Wato Baba bai sani ba."

"Ya hana. Tun da sunan yaron nan ya fito yake cewa kada wanda ya taɓa shi, a bar wa Allah." Umma ta share ido da gefen zane. "Mu kuma muka ɗauka karaya ce. Ke ba ki san abin da na gani ba. Shekara da shekaru, in jirgi ya wuce ta saman gidan nan, mutumin nan ko alwala yake sai ya tsaya ya ɗaga kai. In aka nuno faretin soja a talabijin, tashi yake ya fita. Kina so in zuba ido ɗana ma ya ƙare haka?"

Sai suka ji ƙarar babur a ƙofar gida.

Umma ta dafe ƙirji.

Malam Wali ma'aikacin duba lafiyar dabbobi ne, ranar kasuwa tun safe yana cikin shanu. Ya shigo da sallama, takalmin robarsa duk kashin shanu, da ledar kifin bakin gada a hannu. Ya gaida mahaifiyarsa a tsugune kamar kullum, sannan ya hango mata biyu cirko-cirko a ƙofar ɗakin ɗansa.

"A'a, Safiyya ce? Yaushe a gari? Me likitar ta..."

Ya iso bakin ƙofa. Ya gani.

Ledar kifin ta sulale ta faɗi.

Safiyya ta zaci zai yi faɗa. Ta zaci yau gidan nan sai maƙwabta sun shigo rabo. Ko ɗaya. Malam Wali ya tuɓe takalmi, ya shiga, ya durƙusa a gaban katifar, ya ƙura wa ƙirjin ido. Hannunsa ya ɗaga kamar zai taɓa, ya fasa.

"Achika?" ya ce.

Ba wanda ya gaya masa. Safiyya ta dubi Umma, Umma ta dube ta.

"Gidan da ke bayan rimi? Ɗan Sarkin Aska?"

"Eh, Baba," in ji Abdulbaqi.

Malam Wali ya cire hularsa ya ajiye a ƙasa, ya zauna daɓas a kan siminti, shi da ko kan tabarmar yara ba ya zama.

"Rabi, ban ce kada a taɓa shi ba?"

"Ka ce, Malam. Ka yafe ni. Gani muka yi kai sau ɗaya aka yi maka, shi ya sa bai fito ba. Iya ta ce da an zurfafa..."

"Da an zurfafa."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji. Sai ya kai hannu wuyan rigarsa ya fara ɓalle maɓalli.

Safiyya ta kawar da kai. Ba ta taɓa ganin mahaifinta ba riga ba, ko a tsananin zafi da singileti yake kwana a tsakar gida.

"Ki duba, Safiyya. Kai ma ka duba. Yau ba ranar kunya ba ce."

Ta duba.

Ramin yana nan, ya ma fi na Abdulbaqi zurfi. A kewayensa kuma ga tsofaffin tabo zagaye-zagaye, fatar ta tattare ta yi sheƙi, wani wurin ta lotsa kamar an ƙwaƙule. Wuri ɗaya, tsari ɗaya da na jikin ɗansa, kamar hannu ɗaya ne ya yi su.

"Na san da su, Malam," in ji Umma a sanyaye. "Ka ce min maganin da bai ci ba ne."

"Haka na ce miki."

"To ai shi ya sa..."

"Ba ramin ba ne, Rabi."

Duk suka zuba masa ido.

"Ba ramin ne ya hana ni soja ba."

"Baba, me kake cewa?" Safiyya ta tambaya.

"Likitan da ya duba ni wani dogon mutum ne mai furfura. Ya sa yatsa a ramin nan, ya ce in ja numfashi, na ja. Ya sa aka zagaya fili da mu a guje, na dawo cikin na gaba. Ya saurari zuciyata ya ce, wannan ba damuwa ba ce, na ga masu irinsa suna aiki." Ya shafa tabon. "Sai ya ce in kwance tsumman da na ɗaure ƙirji da shi gaba ɗaya, don na ɗan zame shi ne kawai na nuna masa ramin. Na kwance. Tsagar ta riga ta rure a hanya, ta yi ruwa, tana wari. Zazzaɓin da nake ɓoyewa ma ya gano shi. Ya ce wa ya yi maka wannan aika-aikar? Ya ce ba zai iya sa hannu a kan mutum da ɗanyen ciwo a ƙirji ba, in je in warke in dawo wata shekarar."

"Ka koma?" Abdulbaqi ya tambaya da ƙyar.

"Shekaruna sun wuce. Ni ma a ta ƙarshe nake, kamar kai."

Umma ta zame jikin ƙofa ta zauna a ƙasa.

"Malam. Shekara talatin muna tare. Na haifa maka 'ya'ya. Ka bar ni ina tsine wa ramin nan, ina kallon ƙirjin ɗana ina kuka tun yana zanen goyo."

"Na bar ki."

"Me ya sa?"

"Uwata ce, Rabi."

Ya faɗe ta a hankali, kamar wannan kalmar ta isa amsar komai.

"A ƙafa ta kai ni Achika, ruwa yana dukanmu. Da aka tsaga ni, ita ta fi ni kuka. Ranar da na dawo daga Kaduna na same ta a soro, ashe tun tafiyata a nan take wuni tana jira. Ta taso da gudu ta ce, Wali, sun ɗauke ka? Ya fito? Na kalli fuskarta. Ku gaya min, da wane bakin zan ce mata ke kika jawo? Sai na ce, Iya, ramin ne, bai fito ba. Ta ce kash, da mun sani an zurfafa. Na ce haka ne."

Ya dubi ɗansa, hawaye yana bin gemunsa.

"Na ɗauka na binne maganar, ni kaɗai za ta ci. Da sunanka ya fito na yi niyyar faɗa, na je har ƙofar ɗakinta na dawo. Na ce tunda na hana, ai ya wadatar. Ashe shirun da na yi aska na wasa wa ɗana."

Safiyya ta rasa a duniyar da take. Labarin da suka taso da shi, wanda ya sa Abdul bai taɓa cire riga ya faɗa kogi da sa'anninsa ba, wanda ya sa Umma take sayo masa riguna masu faɗi, ashe ba haka yake ba. Ta tausaya wa mahaifinta, ta kuma ji haushinsa, duk a lokaci guda. Ba ta san ana iya haɗa su ba sai yau.

Ta daure ta tattaro hankalinta.

"Baba, yanzu ba lokacin kuka ba ne. Naka rurewa ya yi don ba a wanke ba. Mu tafi asibiti yanzu a wanke wannan baƙin abin, a ba shi magani. Tsaga ce, ba ta yi zurfi can ba. In sun tambaye shi ranar Litinin ya faɗi gaskiya, ƙaho aka yi masa, ai ba shi ne farkon wanda suka gani da shatin ƙaho ba. Tunda numfashinsa lafiya, zuciyarsa lafiya, wataƙila su duba shi a haka, ko su ɗaga masa zuwa wani makon."

"Kina ganin za su yarda?" in ji Umma, ta kama hannunta kamar mai shirin nutsewa.

"Ban sani ba, Umma. Amma likita ta ce huhun ne abin dubawa, huhunsa kuwa garau yake. Wannan ne abin da ya rage mana."

Malam Wali ya share fuska ya ɗauki hularsa.

"Tashi, Abdulbaqi. Bari in samo mota."

Ya juya zai fita, sai ya tsaya.

Iya Hansai ce a bakin ƙofa, ta dafa bango da hannu ɗaya, carbinta ya faɗi a ƙasa ba ta sani ba. Ba wanda ya san tun yaushe take tsaye.

Malam Wali ya yi saurin haɗa rigarsa.

"Iya..."

"Bar shi a buɗe."

Ta tako a hankali, ta tsaya a gabansa. Ta ɗora tafin hannunta a kan tabon, tana shafawa ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙirga jikoki.

"Wali. Ni ce?"

"Ƙaddara ce, Iya. Allah bai rubuta ba."

"Ban tambaye ka Allah ba. Na san da Shi tun kafin a haife ka. Ni ce?"

Ya sunkuyar da kai.

Tsohuwar nan mai bakin tsiya, wadda ba a taɓa kayar da ita a magana ba, ta janye hannunta daga ƙirjin ɗanta. Safiyya ta matso ta riƙe ta.

"Iya, zauna. Za a wanke, za a ba shi magani. Tsaga ce kawai."

"Ba tsaga ce kawai ba."

Ta faɗe ta ƙasa-ƙasa, idonta a kan jikanta.

Umma ta ɗago.

"Iya, me kike nufi? Ina wurin ai."

"Ba kya nan. Lokacin kin fita wanko tsumma a bayan gida." Iya ta juya ga ɗanta. "Da aka cire ƙahon na leƙa, na ga ramin yana nan. Na ce wa Ɗantani, haka aka yi wa ubansa aka bar shi, ni ba zan koma gida da rabin aiki ba. Ya ce akwai wata dabara, amma shi ba ya son yin ta. Na matsa masa. Na ce in tsoro yake ji ya faɗa."

"Wace dabara?" in ji Malam Wali.

"Ya zaunar da shi. Ya sa masa gwiwa a tsakiyar baya, ya kama kafaɗunsa ya ja da ƙarfi, wai ƙashin ya turo waje."

"Iya..."

"Na ji wani abu ya ce ƙas." Ta nuna gefen ƙirjinta na hagu. "A nan. Maigidan nawa ya yi ƙara, na toshe masa baki na ce ya daure, namiji ne. Har hamdala na yi, Wali. Na ɗauka ƙashin ne ya koma wurinsa."

Gaba ɗaya suka juya ga Abdulbaqi.

Sai yanzu Safiyya ta gane abin da take kallo tun shigowarta. Zaman da ya yi a miƙe ya ƙi kwanciya. Hannun da bai bar haƙarƙarinsa ba. Maganar da yake yankawa guntu-guntu.

Ta faɗa gaban katifar ta kama fuskarsa.

"Abdul, kalle ni. Ka tuna bututun asibiti? Ja numfashi kamar ranar. Ja sosai, ka cika ƙirji."

Ya gyaɗa kai. Ya buɗe baki ya fara ja.

Gefen dama na ƙirjinsa ya taso.

Na hagu bai motsa ba.

Ya sake gwadawa, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, leɓensa ya fara canza launi. Ya damƙi hannun yayarsa, ya dubi mahaifinsa da ke tsaye da riga a buɗe.

"Baba," ya ce, da wata 'yar siririyar murya, "iskar ba ta shiga."